Muhammadu Bello: Sarkin da ya taƙaita ilimin magani domin masu mulki

A shekarar 1824, lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya sauka a Sakkwato, cikin abubuwan da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da likitan da zai zauna a ƙasarsa. Likitan bai taɓa zuwa ba. Amma da Clapperton ya dawo a 1826, ya zo masa da littattafan Larabci, ciki har da na Ibn Sina da lissafin Uƙlidisu. Bello ya shaida masa cewa gidansu na da kwafin Uƙlidisu a da, gobara ta cinye shi.

An haifi Bello a 1781, ɗa ne ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya yi karatu a wajen mahaifinsa da baffansa Abdullahi. Shi ya gina birnin Sakkwato a 1809, ya karɓi ragamar daula a 1817. Tarihi ya fi tuna shi da yaƙi da kuma littafin Infaƙul Maisur. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yawan abin da ya rubuta a kan lafiya, da kuma salon da ya bi.

Salon nan shi ne taƙaitawa. Littattafan magani na malaman Gabas manya ne, ba kowane hakimi ke da lokacin zama da su ba. Sai Bello ya riƙa ɗaukar cuta guda, ya tattaro abin da magabata suka ce a kanta, ya tace, ya fitar da 'yar gajeriyar risala. Ya yi wa basir tasa, ya yi wa ciwon ido, ya yi wa ciwon ƙoda, har ganyen filasko ya keɓe wa rubutu. Wannan shi ne aikin da jami'o'i da ƙungiyoyin lafiya ke kashe kuɗi a yau suna koya wa masu bincike: mayar da tulin sakamako ya zama shafi biyu da kwamishina zai iya karantawa kafin zaman kasafin kuɗi.

Bai tsaya a kan magani ba, ya shigar da lafiya cikin tsarin mulki. A Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa masu magani tare da manoma, maƙera, marina da mahauta a cikin masu sana'ar da dole shugaba ya kula da su, ya kuma rarraba su a garuruwa da ƙauyuka. Wato samar da mai magani a ƙauye nauyin sarki ne, ba alfarma ba. Garuruwan kan iyaka irin su Tambuwal, inda ɗan'uwansa Muhammadu Buhari ya zauna yana tsaron kudancin daula, su ne irin wuraren da wannan umarni ya shafa. Kuma har yau mutanen ƙauyukan Tambuwal da Kebbe na da ikon tambayar ƙananan hukumominsu ma'aikacin lafiya nawa ke kwana a asibitin garinsu.

Sai dai kada a kai shi inda bai kai ba. Hujjarsa mafi yawa naƙali ce daga littattafai da hadisai, ba gwaji a kan marasa lafiya ba, kuma ba duk abin da ya kawo ne likitan yau zai amince da shi ba. Da Larabci ya rubuta, don haka malamai da sarakuna ne masu karatunsa, ba talakawa da bayin da ke noma gandaye ba. Sa'ar da ya samu kuwa ba kowane mai bincike ke samunta ba: shi ne malamin, shi ne mai zartarwa.

Ya rasu a Wurno a 1837, a can aka binne shi.