Nana Asma'u 'Yar Shehu Da 'Yan Taru

Mutane da yawa suna zaton kusantar Ubangiji rabon waɗanda suka bar harkar duniya ne kaɗai, watau masu shiga halwa da masu kwana bisa buzu da tasbaha a hannu. Wanda ya yi sammako zuwa gona, da wadda ta wuni tsakanin turmi da murhu, ba a cika sa su cikin lissafi ba. To, 'yan'uwana, ga labarin wata baiwar Allah wadda ta ƙare kwanakinta tana gyara wannan zato.

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel cikin shekarar 1793. Ubanta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, uwarta Maimuna. 'Yan biyu ne, ita da Hassan. Ta tashi a gidan da mata ke karatu kamar maza, ta sauke Alƙur'ani, ta ƙware a Larabci da Fulatanci da Hausa. Amma ba ta sami ƙuruciya ta hutu ba. Tana da wajen shekara 11 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, cikin 1804. Daga nan sai yaƙi da yunwa da ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan, har ran da aka ci Alƙalawa cikin 1808. Abin da ta gani na wahalar mata da marayu a shekarun nan bai fita daga zuciyarta ba.

Aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin wanta Muhammadu Bello, wanda ya zama Wazirin Sakkwato. Gidan Waziri kuwa ba ya rabuwa da baƙi, har Bature Clapperton da ya zo Sakkwato cikin 1824 a hannun Giɗaɗo ya sauka. Cikin wannan hidima ta gida da renon 'ya'ya Nana ta yi dukan rubuce-rubucenta. Bayan rasuwar Shehu cikin 1817 ta tsaya wajen tattara littattafansa da tsare su, cikin 1820 kuma ta wallafa Tanbihul Gafilina da Larabci, a kan halayen da ke kai mutum ga tsira.

Amma babban aikinta yana gaba. Sa'ad da ƙura ta lafa, garuruwa suka cika da matan da aka kamo wurin yaƙi, da gwauraye, da matan ƙauye waɗanda ba su san kome ba sai bori. In yaro ya kwanta ciwo, wurin 'yan bori za a nufa. Malami namiji ba shi da hanyar shiga cikin gida ya karantar da su, matar aure mai goyo kuwa ba ta iya barin ɗakinta ta yi tafiyar kwanaki zuwa Sakkwato. Ina dabara?

Dabarar da Nana ta yi ita ce, ta zaɓi dattijan mata masu amana daga ƙauyuka, ta naɗa kowace ta zama jaji, ta sa mata malfa da jan rawani. Malfa dā alamar Innar Gobir ce, shugabar bori, saboda haka duk macen da ta ga malfa ta san mai ita abar saurare ce. Nana ba ta jefar da alamar ba, sai ta juya ta ga wata hanya. In an gama aikin gona, jaji ta tara 'yan mata waɗanda ba su yi aure ba da matan da suka gama haihuwa, su kamo hanya a ƙasa, ɗauke da sadakar hatsi da zuma da man shanu, wadda za a raba wa mabukata. Nana ta karɓe su, ta ji matsalolinsu, ta biya musu karatu. Su ne ake kira 'Yan Taru.

Da yake yawancinsu ba su iya karanta rubutu ba, sai ta zuba musu ilmi cikin waƙa, don abin da aka rera ya fi zama a ka. Akwai Sunago, wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani. Akwai Goɗaben Gaskiya ta 1842. Akwai Tawassuli Ga Mata Masu Albarka, inda ta ambaci salihan mata tun daga iyalan Annabi, da Rabi'atul Adawiyya ta Basra, har zuwa matan jama'ar Shehu, don mace ta san tana da magabata a wannan tafarki. 'Yan Taru su koma gida su koya wa na cikin ɗaka, ana daka ana biyawa, ana kaɗi ana biyawa. Ban da karatu kuma suna jinyar marasa lafiya, suna wankan gawar mata, suna sharar masallaci, suna sulhunta masu faɗa.

In kana son ka gane abin da Nana ta ɗauka shi ne girma, duba waɗanda ta yi wa marsiyya. Ta yi wa Sarkin Musulmi Bello bayan rasuwarsa cikin 1837, ta kuwa fi ba da ƙarfi ga halayensa bisa ga yaƙoƙinsa. Amma ta yi wa maƙwabciyarta Halima, wadda ba ta da sarauta, ta yabe ta da kirki da haƙuri da zumunci. Ta yi wa jajinta Hawa'u, wadda ta yi shekaru tana kai da kawowa da ayarin mata. Alƙalamin da ya yabi sarki shi ya yabi maƙwabciya.

Wannan tunani ba a ƙasarmu kaɗai ya tsiro ba. Cikin Kiristoci 'yan Katolika, Faransis na Asisi a ƙasar Italiya, wanda ya rasu cikin 1226, ya buɗe wa ma'aurata da masu sana'a hanyar ibada suna zaune a gidajensu. Wani Faransis kuma, limamin Janiba, ya fitar da littafi cikin 1609 yana nuna cewa ibada ta dace da soja da mai sana'a da matar aure. Addini daban, zamani daban, amma duka sun lura talaka mai aiki ba a rufe masa ƙofa ba.

Nana ta ga mutuwar mijinta, ta ga ta ɗanta Waziri Abdulƙadiri, ba ta fasa karantarwa ba. Ta rasu cikin 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru. Cikin 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara ayyukanta wajen 60 suka buga.

To, mu da ake shirya mu don koyarwa, gobe za a rarraba mu ƙauyuka. Ni na san irin namu na wajen Ɗandume, inda uwa ke fita tsinkar auduga ta dawo ta tarad da sussukar dawa. Ɗanta za a kawo mana aji, ita kuwa ba za mu gan ta ba, alhali rabin tarbiyyarsa a hannunta yake. Kada mu rena ta, kada kuma mu bar 'yarta a baya. Nana ta sami hanyar kai ilmi gare su ba allo ba mota, mu da ke da duka biyu ba mu da hanzari.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u, ya ba mu albarkacin aikinta, amin.