Alhaji Sir Abubakar Tafawa Balewa da Maganar Ƙarin Albashi

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar naira biyar ya ga fuskar wani dattijo mai rawani, mai kwarjini. Mu mutanen Kaduna kuma muna bin titin da aka sa wa sunansa, muna kuma wucewa ta gaban Lugard Hall inda ya fara yin suna a siyasa. Wannan dattijo shi ne Alhaji Sir Abubakar Tafawa Balewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda har yau ba a sake yin wani mai wannan muƙami ba bayansa. Ina so in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu tarihinsa a taƙaice, in kuma tsaya a kan wata jarrabawa da ta same shi a 1964, wato rigimar ƙarin albashin ma'aikata, domin wannan magana har yanzu ba ta bar gidajenmu ba.

An haifi Abubakar a watan Disamba na 1912 a ƙasar Bauci. Shi ba ɗan sarki ba ne. Mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala yana aiki ne a gidan hakimin Lere, sunan mahaifiyarsa kuwa Fatima Inna. Ya fara da makarantar allo kamar kowane ɗan Musulmi, sa'an nan ya shiga elementare a garin Tafawa Balewa, daga nan ya wuce makarantar lardi ta Bauci. A 1928 aka ɗauke shi Kwalejin Katsina, inda ya tarar da Ahmadu Bello, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato. Ya gama a 1933, ya koma gida ya kama aikin koyarwa a Midil ta Bauci, har ya zama hedimasta. A farkon aikinsa ne ya rubuta littafin nan Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934.

Shekarun da ya yi yana malanta sun koya masa abubuwa biyu. Ya san yadda ma'aikaci ke ƙidaya kwanaki kafin ƙarshen wata, ya kuma san halin iyayen yaran da yake koyarwa, manoma waɗanda ba su da albashi ko na anini, sai abin da damina ta ba su, a cikinsa kuma za su biya haraji. A Bauci ya zauna tare da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, suna tattauna halin da talakawa ke ciki. Su biyun masu zafi ne, shi kuwa mai sanyin hali ne, ba ya son gaggawa.

A 1945 ya tafi Ingila ya yi shekara guda yana ƙaro ilmin koyarwa a Jami'ar Landan. A wannan shekara ce ma'aikatan Nijeriya suka yi babban yajin aikinsu na farko, na kwana 44, saboda tsadar kayan da Yaƙin Duniya na Biyu ya jawo. Michael Imoudu na ƙungiyar ma'aikatan reluwe yana cikin manyan jagororinsa. Bayan Malam Abubakar ya dawo aka zaɓe shi wakili a Majalisar Jihar Arewa da ke nan Kaduna, a 1947 kuma ya shiga Majalisar Dokoki ta Ikko. A 1950 ya miƙe a majalisar Kaduna ya kawo shawara a gyara mulkin En'e, a ba talaka bakin magana, a kuma hana cin hanci. A wancan zamani faɗin haka a bainar jama'a sai mai ƙarfin zuciya. Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, daga baya Ministan Sufuri, a 1957 kuma ya zama Firayim Minista. Shi ya karɓi mulkin kai daga hannun Ingila ranar 1 ga Oktoba 1960.

To, da aka sami mulkin kai sai kowa ya sa rai. Lebura ya ɗauka tunda Bature ya tafi, tukunyarsa za ta ƙara maiƙo. Tun a 1954 gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Obafemi Awolowo ta yanka wa leburorinta sule biyar a yini, sauran ma'aikatan ƙasa kuma suna ta hange. Amma shekara uku bayan mulkin kai, leburan gwamnati a Ikko bai kai fam takwas a wata ba, na Arewa kuwa bai ko kai haka ba. A gefe guda ga ministoci da manyan sakatarori sun gaji albashin Turawa da gidajensu da alawus na mota. Kuɗin haya da na abinci kuwa kullum sai gaba suke yi.

A ƙarshen Satumba 1963 ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda a da ba sa ga maciji da juna, suka haɗa kai suka yi ɗan gajeren yajin aiki. Gwamnati ta kafa hukumar bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Adeyinka Morgan. Hukumar ta lissafa abinci da haya da sutura da kuɗin mota, ta ga mai iyali a Ikko yana bukatar fiye da fam 16 a wata kafin ya rayu cikin mutunci. Amma ta ce ƙasa ba za ta iya biyan haka a lokaci guda ba, don haka ta ba da shawara a fara da fam 12 a Ikko, sauran wurare kuma ƙasa da haka gwargwadon tsadar kowane gari. Ta miƙa rahotonta a ƙarshen Afrilu 1964.

A nan ne Firayim Minista ya shiga tsaka mai wuya. Dalilan da gwamnatinsa ta dogara da su ba na banza ba ne, ya kamata mu fahimce su. Na farko, ƙidayar 1963 ta ce mutanen Nijeriya sun fi miliyan 55, masu albashi kuwa 'yan kaɗan ne a cikinsu. Galibin jama'a manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Na biyu, a lokacin man fetur bai zama abin dogara ba tukuna. Kuɗin gwamnati daga gyaɗa da auduga da koko da manja yake fitowa, da kuɗin kwastan, da haraji. Hukumomin ciniki suna sayen gyaɗar manomi a kan farashin da bai kai na kasuwar duniya ba, rarar kuma ta shiga hannun hukuma. Ke nan duk sulen da aka ƙara wa akawu, da gumin manomi a cikinsa. Na uku, akwai shirin raya ƙasa na shekara shida, daga 1962 zuwa 1968, wanda a cikinsa ake gina madatsar ruwa ta Kainji. Kuɗin da ya tafi albashi ba zai tafi gina makaranta ko asibiti ba. Na huɗu, ana ta lallashin masu jari su kafa masana'antu, kamar masaƙun Kakuri da ke ƙetaren kogin Kaduna, waɗanda ta farkonsu ta fara aiki a 1957. Ana tsoron idan ƙwadago ya yi tsada kamfanoni za su rage ma'aikata, ko su ƙi ɗaukar sababbi.

Su ma ma'aikata suna da tasu gaskiyar. Mai jin yunwa ba ya aikin kirki. Kuɗin da aka ƙara wa lebura kuma ba ya zuwa bankin Ingila, a kasuwar unguwa yake ƙarewa, wajen mai hatsi da mai nama da tela, ta haka shi ma manomi yake samun mai sayen kayansa. Babbar hujjarsu kuwa ita ce, in da gaske babu kuɗi, to a fara tsuke bakin aljihu daga sama. Ba a cewa talaka ya yi haƙuri alhali yana ganin motar minista tana watsa masa ruwan kwata.

Sir Abubakar ya yi jinkiri, wannan kuwa shi ne kuskurensa. Wata guda rahoton yana hannun gwamnati ba a bayyana shi ba. Ranar 1 ga Yuni 1964 ma'aikata suka ajiye aiki. Aka fara daga tashar jiragen ruwa ta Ikko, abin ya bazu ko'ina har Kaduna da Kano. Jiragen ƙasa suka tsaya, gidan waya ya rufe, ofisoshi suka zama kango. An ƙiyasta waɗanda suka shiga yajin sun kusa dubu 800. Imoudu na 1945 yana nan a gaba, tare da Wahab Goodluck da Alhaji H. P. Adebola. Da gwamnati ta fito da amsarta sai ta ce fam tara da sule biyu za ta iya biya a Ikko. Ma'aikata suka ƙi. Firayim Minista ya yi jawabi ta rediyo ya ba su awa 48 su koma aiki ko a sallame su, ba wanda ya motsa.

A nan kuma halinsa na kirki ya bayyana. Da ya ga barazana ba ta ci ba, bai kafe a kan girman kai ba, ya yarda a zauna a yi shawara. Aka janye yajin bayan kwana 13, ba a kori kowa ba, aka kuma kafa kwamitin sulhu tare da Ministan Kuɗi, Cif Festus Okotie-Eboh. A ƙarshe aka daidaita a kan fam 10 a Ikko, sauran garuruwa kuma aka yi musu nasu ƙarin. Kowa ya rage wani abu daga abin da ya nema, ƙasa ta zauna.

Sauran kwanakinsa ba su yi daɗi ba. Zaɓen tarayya na Disamba 1964 ya zo da rikici, na Jihar Yamma a Oktoba 1965 ya fi shi muni. A Janairu 1966 ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashen Kwamanwel a Ikko a kan maganar Rodeshiya. Kwana kaɗan bayan haka, a daren 15 ga Janairu, wasu sojoji suka ɗauke shi daga gidansa. A wannan dare ne aka kashe Sardauna a nan Kaduna, a gidan da yanzu ake kira Gidan Arewa. Bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawar Sir Abubakar a gefen hanyar Abeokuta, aka kai shi Bauci aka binne. Yana da shekara 53. Mutumin da ya riƙe ƙasa fiye da shekara takwas bai bar wata dukiyar a zo a gani ba, sai gidansa na Bauci da gonarsa.

Abin da ya faru bayan rasuwarsa ya gaskata rabin tsoronsa. A 1974 hukumar Cif Jerome Udoji ta ɗaga albashi mafi ƙanƙanta daga naira 312 zuwa naira 720 a shekara, aka kuma biya ariyas na watanni da dama a dunƙule a farkon 1975. Kakanninmu suna ba da labarin yadda aka yi ta sayen rediyo da babur da gado mai rumfa. Amma kuɗi ne suka ƙaru, kaya ba su ƙaru ba, sai farashi ya tashi da fiye da kashi 30 cikin ɗari a wannan shekara. Wanda ba ya cikin masu karɓar Udoji ya sha tsadar ba tare da ya ga ƙarin ba. A 1981, bayan wani yajin aikin, Shugaba Shehu Shagari ya sa hannu a dokar farko ta albashi mafi ƙanƙanta na ƙasa baki ɗaya, naira 125 a wata. A 2019 aka mai da shi naira 30,000, a 2024 kuma naira 70,000.

Sai mu yi ɗan lissafi irin na aji. A 1981 takardar naira biyar guda 25 ita ce albashin lebura, darajarsa kuma ta kai wajen dalar Amurka 200. A 2024 sai an tara irin wannan takarda guda 14,000 kafin a biya shi, amma duka ba su kai dala 50 ba. Ga shi kuma dokar 2019 ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Saboda haka yaron shago a Kasuwar Barci, da mai facin taya a Kawo, da mai tallar koko a Unguwar Sarki, ba ruwan doka da su, amma idan mudun masara ya tashi tare da kowa za su saya.

Wannan ba ya nufin kada a ƙara albashi. Idan farashi ya riga ya yi gaba, barin albashi a baya zalunci ne, kuma jinkirin 1964 ya nuna mana abin da ke biyo baya. Abin da tarihin Sir Abubakar ke koya mana shi ne a auna albashi da mudu nawa zai saya, a kuma tambayi daga aljihun wa ƙarin zai fito. Idan gona ta ba da amfani, masaƙa tana aiki, wuta tana samuwa, ƙarin zai zauna a hannun ma'aikaci. Idan kuwa babu waɗannan, kasuwa za ta karɓe shi kafin wata ya raba tsakiya. Shugaban da zai ce wa jama'a su yi haƙuri kuma, dole a ga haƙurin a gidansa da na ministocinsa. Shi Sir Abubakar an shaide shi da wannan a kan kansa, sai dai bai iya tilasta wa dukan na kusa da shi ba.

'Yan'uwana ɗalibai, gobe waɗansunmu za su zama masu karɓar albashi, waɗansu masu biya, waɗansu kuma masu yanke shi. Idan takardar naira biyar ta shigo hannunmu, mu dubi fuskar da ke jikinta mu tuna da wannan. Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Tafawa Balewa, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa albarka a cikin abin da iyayenmu ke samu, amin.