Red Auerbach: Dattijon da ya riƙa sayen gobe tun yau

In kana bin labaran NBA a X ko TikTok, ka san yadda ake kacaniya duk ranar da aka yi musayar 'yan wasa. Kafin minti goma kowa ya zama alƙali, wannan ya ce an cuci wane, wancan ya ce an yi asara. To, bari in ba ka labarin mutumin da cinikinsa ba ya nuna riba sai bayan shekaru.

An haifi Arnold Auerbach a Brooklyn da ke birnin New York a Amurka a 1917, jan gashinsa ya sa ake kiransa Red. Ya zama kocin Boston Celtics a 1950, kuma a shekarar ne ya ɗauki Chuck Cooper, baƙar fata na farko da aka zaɓa a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA.

Babban cinikinsa ya zo a 1956. Ya sallama wa St. Louis Hawks tauraronsa Ed Macauley da matashi Cliff Hagan, ya karɓi Bill Russell, wanda bai taɓa buga wasa ko ɗaya a gasar ba. Russell ba gwanin zura ƙwallo ba ne, ƙarfinsa tsaron gida da cafke ƙwallon da ta kuskure kwando. Abin da Boston ta rasa ke nan. Kar ka ɗauka Hawks sun tashi a tutar babu, domin sun doke Boston a wasan ƙarshe na 1958. Amma Russell ya ci kofi 11 cikin shekara 13.

Bayan Auerbach ya bar horarwa a 1966 da kofi 9, ya miƙa wa Russell kujerar, shi kuma ya ci gaba da jan ragama daga ofis. A 1978 ya zaɓi Larry Bird alhali ya san yaron zai ƙara shekara guda a jami'a. Ya jira. A 1980 kuma, yana riƙe da damar zaɓe ta ɗaya, sai ya haɗa ta da ta 13 ya ba Golden State, ya karɓi Robert Parish da dama ta uku, wadda ya ɗauki Kevin McHale da ita. Waɗannan ukun suka kawo kofunan 1981 da 1984 da 1986. Mai haƙuri dai shi kan dafa dutse.

Ana cikin haka aka kawo dokar ƙayyade albashi a kakar 1984/85: kowace ƙungiya kada jimillar albashinta ya wuce dala miliyan 3.6, don masu kuɗi kada su kwashe gwanaye duka. Sai dai an bar ƙofa guda, ƙungiya na iya haura iyakar in za ta sabunta kwantiragin ɗan wasanta da ya daɗe da ita. Har yau da sunan Bird ake kiran wannan rangwame. Ka ga ke nan dokar ta fi yi wa irin su Auerbach daɗi, masu renon nasu maimakon sayen na wasu.

Amma fa dabara ba ta hana ƙaddara. A 1984 ya ba Seattle Gerald Henderson ya karɓi damar zaɓen 1986, ya ɗauki Len Bias da ita. Kwana biyu da zaɓen, Bias ya mutu sanadin hodar iblis yana ɗan shekara 22. Boston ba ta sake ganin kofi ba sai 2008, shekara biyu bayan mutuwar Auerbach a 2006, yana da hannu a kofunanta 16.

Don haka in an yi musaya gobe, kafin ka hau rubutu, tambayi kanka: me ƙungiyar ta rasa, nawa ya rage mata a ƙarƙashin iyaka, kuma wace shekara take hange?