Dale Earnhardt: Gwarzon tseren mota da mutuwarsa ta sauya dokokin NASCAR

Ranar 18 ga Fabrairun 2001, ana zagayen ƙarshe na gasar Daytona 500 a jihar Florida ta Amurka, wata baƙar mota mai lamba 3 ta daki katangar kankare.

Masu kallo ba su tsorata sosai ba, domin sun sha ganin hatsarin da ya fi wannan muni, direba ya fito da ƙafarsa. Amma Dale Earnhardt bai fito ba. Ya mutu yana da shekara 49, a daidai lokacin da ake tsaka da muhawara kan kare rayukan direbobi.

Ɗan gado

An haife shi ranar 29 ga Afrilun 1951 a Kannapolis, garin masaƙa a jihar North Carolina. Mahaifinsa Ralph direban tsere ne. Dale bai kammala sakandare ba, ya bi sawun uban.

A 1975 ya fara shiga babbar gasar NASCAR, hukumar da ke shirya tseren motoci masu siffar na kan titi amma an ƙera su domin gudu. Ya zama gwarzon sababbin direbobi a 1979, ya ɗauki kofi a 1980.

Sau 7 ya zama zakara, ya kamo tarihin Richard Petty, kuma ya yi nasara a tsere 76. Saboda yadda yake matsa wa na gabansa har ya ba shi hanya, aka yi masa laƙabi da Intimidator, wato mai firgita abokan takara. Daytona 500 kuwa ta daɗe tana kuɓuce masa, sai a 1998, a karo na 20.

Dokar rage gudu

A 1987 Bill Elliott ya yi gudun kusan kilomita 342 a sa'a a filin Talladega. A wannan makon motar Bobby Allison ta tashi sama ta yaga shingen da ke kare 'yan kallo.

Daga 1988 hukumar ta tilasta sanya wani faranti mai huji huɗu da ke rage iskar da ke shiga inji a Daytona da Talladega. Gudu ya ragu, amma motoci suka riƙa cunkushewa wuri guda, kuskuren mutum ɗaya ya shafi da yawa.

Earnhardt na cikin masu sukar dokar, yana ganin ta rage wa tseren armashi. Duk da haka shi ne gwaninta: sau 10 ya yi nasara a Talladega.

Na'urar da ya ƙi

A shekarar 2000 direbobi uku, Adam Petty da Kenny Irwin da Tony Roper, suka mutu ta hanya iri ɗaya. Idan mota ta bugi katanga, bel yana riƙe jiki, kai kuma ya fizga gaba, ƙashin gindin ƙoƙon kai ya karye.

Maganin yana nan tun shekarun 1980: na'urar HANS, wadda ke zama a kafaɗa, a ɗaure ta da hular kwano. Masana suka nemi a tilasta ta. Direbobi da yawa suka ce tana takura su, hukumar kuma ta bar wa kowa zaɓi.

Earnhardt bai yarda da ita ba, hularsa ma mai buɗaɗɗiyar fuska ce. Irin wannan karayar ce ta kashe shi, yayin da motoci biyu na kamfaninsa ke gaba: Michael Waltrip ya zo na ɗaya, ɗansa Dale Jr. na biyu.

Bayan mutuwarsa

An yi ta ce-ce-ku-ce kan bel ɗinsa da hukumar ta ce ya tsinke. Ko da rahoton bincike ya fito a watan Agusta, ba a tilasta na'urar ba. Sai a Oktoban 2001, bayan mutuwar Blaise Alexander a wata gasar daban a Charlotte, aka wajabta kare kai da wuya.

Daga nan aka fara lulluɓe katangu da ƙarfe da soso mai shanye ƙarfin bugu, aka kuma fito da sabon ƙirar mota a 2007.

Tun daga ranar da ya mutu, babu direban da ya sake rasa ransa a tseren manyan gasannin NASCAR uku. A 2020 motar Ryan Newman ta kife a zagayen ƙarshe na Daytona 500, wata ta dake ta. Bayan kwana biyu ya fito daga asibiti yana riƙe da hannun 'ya'yansa mata biyu.