SHEHU ABDULLAHIN GWANDU DA MALAMANSA

'Yan'uwa, a tarihin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo (Rahimahullah), abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hannuwan da suka rene shi.

An haife shi wajen 1766. Mahaifinsa, Malam Muhammadu Fodiyo, shi ya karantar da shi Alƙur'ani. Yana ɗan shekara 13 aka damƙa shi a hannun yayansa, Shehu Usmanu. A wurinsa ya karanta Ishiriniya da nahawu da fiƙihu da tafsiri, yana biye da shi yawon wa'azi har Zamfara. Ya ɗauki karatu wajen Malam Jibrilu ɗan Umar, ya saurari Sahihul Bukhari wajen Malam Muhammadu ɗan Raji.

Yaron nan ne fa ya jagoranci rundunar Shehu a Tafkin Kwatto a 1804. Shi ya rubuta Diya'ul Hukkam a Kano, ya bar mana tafsirin Diya'ut Ta'awil da ake karantawa har yau. Duk da wannan ɗaukaka bai manta da malamansa ba: ya yi littafi sukutum, Ida'un Nusukh, yana lissafa su da abin da ya karanta wajen kowa. Ya rasu a 1829, kabarinsa yana Gwandu.

To iyayenmu na Ribah, ni dai tambayata ita ce: ɗanka mai shekara 13, hannun wa yake? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya jiƙan malamanmu, Ya saka musu da Aljanna. Amin.