Likita Miller Na Zariya Da Annobar Gimi

Duk wanda ya tashi daga Kaduna ta Kawo, ya ratsa Rigachikun da Jaji ya nufi Zariya, kafin ya shiga gari zai hango dutsen Wusasa, kusa da shi kuwa akwai wata tsohuwar majami'a mai ginin ƙasa irin na Hausa. Sunan da aka fi haɗawa da wannan wuri shi ne na Likita Walter Miller, ko da yake yawancin aikinsa a cikin ganuwar birnin Zariya ya yi shi.

An haifi Miller a Ingila cikin 1872, ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan, sa'an nan ya shiga ƙungiyar mishan ta C.M.S. Kafin ya taka ƙasar nan sai da ya zauna a Tarabulus, inda ya koyi Hausa a bakin fatake da mahajjata. Cikin 1900 ya biyo ayarin Bishof Tugwell, su biyar, suka kutsa har Kano ba tare da an gayyace su ba. Sarkin Kano Alu ya ba su wa'adi su fice. Suka komo Girku a ƙasar Zazzau, a can ɗayansu, Dudley Ryder, ya kwanta ciwo ya rasu, ga likita a zaune kusa da shi. Daga 1905 Miller ya zauna a Durumin Maigarke cikin birnin Zariya, yana ba da magani, yana karantar da yara. Mutum ne mai kaifin harshe, bai bar sarakuna ba, bai kuma bar Turawan mulki ba, waɗanda suka bi addininsa kuwa ba su taka kara sun karya ba.

Ana nan sai ga wani al'amari cikin 1913. Tun a zamanin Sarkin Kano Abdullahi an yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda ya fifita sha'anin Annabi Isa a cikin wa'azinsa, har aka kashe shi a kasuwar Kano. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse zuwa wajajen Ningi da gabashin Zazzau. Waɗansu daga zuriyarsu ne suka nemo Miller, suka karɓi addinin Kirista, aka tara su a Gimi ƙarƙashin kulawar wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson. Aka yi gonaki, aka buɗe makaranta, aka gina wurin sujada. Ga mutumin da ya yi shekara goma sha uku yana shuka a kan fako, wannan ita ce damina ta fari.

Ba a yi shekaru da yawa ba sai ciwon barci ya faɗa wa garin. Ƙudan tsando ne ke yaɗa shi, shi kuwa yana zaune ne a inuwar bakin rafi, watau daidai inda mata ke ɗiban ruwa, yara ke wasa. Ciwon yakan fara da zazzaɓi da kaluluwa a wuya, daga baya ya hau ƙwaƙwalwa, mutum ya rame, ya riƙa gyangyaɗi har rai ya yi halinsa. A wancan lokaci babu wani magani ƙwaƙƙwara a hannun likitoci. Mutane suka yi ta mutuwa, manya da yara, har tilas aka watsar da Gimi, waɗanda suka tsira aka komo da su Zariya.

To, a nan ne tsohuwar tambayar nan ta taso, wadda malaman Kirista suka daɗe suna kokawa da ita: in Allah mai alheri ne, kuma mai iko a kan kome, yaya zai bar mutanen da suka rabu da danginsu saboda shi su ƙare a bakin ƙuda? Agustin, bishof na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu cikin 430, ya koyar cewa mugunta ba halitta ce mai zaman kanta ba, rashin alheri ce, kuma tushenta shi ne yadda ɗan Adam ke karkatar da 'yancin zaɓi da aka ba shi. A ganina wannan amsa ta isa ta yi bayanin abin da ya faru da Malam Ibrahim a kasuwa, domin hannun mutane ne. Amma ƙudan tsando ba shi da zaɓi, jaririn da ya ciza kuwa bai yi wa kowa laifi ba.

Saboda haka Kirista da yawa sukan koma ga littafin Ayuba, sunan da Musulmi ma suka san shi da haƙuri. A cikin wannan littafi abokan Ayuba sun nace cewa lalle wani zunubi ne ya jawo masa masifa, a ƙarshe kuwa su aka tsawata wa, shi kuma ba a bayyana masa dalilin wahalarsa ba. Haka nan a Bisharar Yohanna, sura ta 9, Yesu ya ƙi yarda a ɗora makantar wani mutum a kan laifinsa ko na iyayensa, maimakon haka ya warkar da shi. Sa'an nan ga gicciye, wanda a bangaskiyar Kirista yake nufin Allah bai tsaya daga nesa yana kallon azaba ba, ya shiga cikinta. Mai karatu zai lura cewa duk waɗannan ba su warware tambayar ba, sai dai sun hana mai bi ya zargi wanda ke kwance, sun kuma tura shi jinya. Waɗannan shafuka suna cikin abin da Miller ya yi shekaru yana juyawa zuwa Hausa tare da abokan aikinsa, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki cikin 1932.

Ragowar mutanen Gimi da 'ya'yansu suna cikin waɗanda suka kafa Wusasa sa'ad da mishan ta bar birni cikin 1929. Daga zuriyar Isawa aka sami Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Likita R. A. B. Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likita, shi ma ɗan makarantar mishan ɗin nan ne. Akwai masu cewa wannan shi ne alherin da aka ɓoye a cikin annobar. Ni dai ina ɗari-ɗari da irin wannan lissafi, domin uwar da ta binne 'ya'yanta a Gimi ba a shawarce ta ba. Ciwon kansa sai daga baya hukuma ta tasam masa, da aikin sare kurmin bakin rafuka a ƙasar Anchau, inda aka gina sabon gari mai suna Takalafiya, da kuma cibiyar binciken ciwon barci da ke Kaduna.

Miller ya ajiye aikin C.M.S. ya koma Ingila, amma zama bai yi masa daɗi ba, ya sake dawowa. Ya rubuta littattafai, ciki har da wanda ya fito cikin 1947, wanda sunansa ma tambaya ce a kan ko Turawa sun gaza a Nijeriya. Ya ƙare kwanakinsa a Bukuru kusa da Jos, ya rasu cikin 1952 yana da shekara 80.