Agatha Christie: Matar da ta mayar da kisan kai a ƙauye labarin kwantar da hankali

Akwai wani nau'in ƙagaggen labari mai farin jini sosai a Turai da Amurka. Ana kashe mutum a wani ɗan ƙaramin gari, amma babu jini male-male, babu harbe-harbe. Akwai shan shayi, akwai tsegumi, akwai ɗan barkwanci, a ƙarshe a gano mai laifi, gari ya koma zamansa na da. Masu son irin waɗannan littattafai sukan ɗauke su abin karantawa kafin barci, duk da cewa gawa ce a tsakiyar labarin.

Duk wanda ya bi salsalar wannan salo zai ci karo da sunan Agatha Christie, 'yar Ingila da ta mutu a 1976. Ba ita kaɗai ta fara shi ba, amma ita ta ba shi kamannin da aka san shi da su a yau. Ta rubuta littattafan binciken laifi 66, kuma kundin bajinta na Guinness ya sanya ta a matsayin marubuciyar ƙagaggun labarai da aka fi sayen littattafanta, inda aka ƙiyasta an sayar da kwafi kusan biliyan biyu.

Sai dai zamanta da masu karatu bai kasance lami lafiya kullum ba. Sun taɓa zarginta da yaudara, sun zarge ta da neman suna, manyan masu sharhi sun raina aikinta. Duk da haka ba a daina sayen littattafanta ba.

Yarinyar da aka so a jinkirta wa karatu

An haifi Agatha Mary Clarissa Miller ranar 15 ga Satumban 1890 a Torquay, wani gari na bakin teku a kudu maso yammacin Ingila. Mahaifinta, Frederick Miller, Ba'amurke ne mai rufin asiri. Mahaifiyarta, Clara, tana da ra'ayin cewa bai kamata yaro ya fara karatu ba sai ya kai shekara takwas. Agatha ba ta jira ba. Ta koya wa kanta karatu tun tana 'yar shekara huɗu zuwa biyar.

A gida ta yi yawancin karatunta. Yayyenta biyu sun girme ta sosai, don haka ta taso kusan ita kaɗai a tsakanin manya, musamman tsofaffin mata na dangi da ƙawayensu, masu zama suna hirar wane da wance. Wannan hira ta zauna mata a kai, kuma ta yi mata rana daga baya.

Mahaifinta ya mutu a 1901 tana da shekara 11, ya bar gidan cikin ƙarancin kuɗi. Daga baya aka tura ta birnin Faris koyon kiɗan fiyano da rera waƙa, amma tsananin kunya ya hana ta tsayawa gaban jama'a. Wannan kunya ba ta rabu da ita ba har ƙarshen rayuwarta.

Ɗakin haɗa magani

Ta auri Archibald Christie, sojan sama, a jajibirin Kirsimetin 1914, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya koma fagen fama, ita kuma ta ci gaba da aikin sa-kai na jinyar sojojin da suka ji rauni a Torquay. Daga baya aka mayar da ita ɗakin haɗa magani, inda ta koyi abin da ya zama jarinta: wane magani ne ke warkarwa, kuma a wane awo yake komawa guba.

Tun kafin nan yayarta Madge ta taɓa yi mata gardama cewa ba za ta iya rubuta labarin binciken kisa mai kyau ba. A 1916 ta zauna ta rubuta The Mysterious Affair at Styles, labarin wata attajira da aka sa wa guba a gidanta na ƙauye. Mai binciken shi ne Hercule Poirot, tsohon ɗan sandan Beljiyam, gajere mai ji da gashin bakinsa. Ta samo shi ne daga 'yan gudun hijirar Beljiyam da yaƙi ya koro zuwa garinsu.

Kamfanonin ɗab'i da dama sun mayar mata da littafin. Sai a 1920 ya fito. Daga cikin waɗanda suka yaba masa har da mujallar masu haɗa magani ta Birtaniya, wadda ta gamsu cewa marubuciyar ta san guba da gaske.

1926: Shekarar da jama'a suka fusata sau biyu

A 1926 ta fitar da The Murder of Roger Ackroyd. Labarin wani ƙauye ne mai suna King's Abbot, inda aka tsinci gawar wani attajiri a ɗakin karatunsa. Da aka zo shafukan ƙarshe, sai ya bayyana cewa mai kisan mutum ne da mai karatu bai taɓa tunanin yana cikin waɗanda za a zarga ba.

Nan fa gardama ta kaure. Wasu masu karatu suka ce an ha'ince su, domin a ganinsu irin wannan labari wasa ne mai ƙa'ida tsakanin marubuci da mai karatu, kuma ta karya ƙa'idar. Wasu, ciki har da takwararta Dorothy L. Sayers, suka kare ta, bisa hujjar cewa aikin mai karatu ne ya zargi kowa. Wanda ya sake karanta littafin zai ga ba ta yi ƙarya ko sau ɗaya ba. Alamun duk suna nan, kau da ido kawai aka yi. A 2013 ƙungiyar marubutan labaran laifi ta Birtaniya ta zaɓi wannan littafi a matsayin mafi kyau da aka taɓa rubutawa a fannin.

A wannan shekarar ce kuma rayuwarta ta dagule. Mahaifiyarta ta mutu a watan Afrilu. Bayan 'yan watanni mijinta ya gaya mata yana son wata mai suna Nancy Neele, kuma yana neman a raba auren.

A daren 3 ga Disamba ta fita daga gida a motarta, ba ta dawo ba. Washegari aka tsinci motar a Newlands Corner da ke yankin Surrey, babu kowa a ciki. 'Yan sanda da dubban 'yan sa-kai suka bazama nemanta, jaridu suka ɗauki labarin kullum. Har Arthur Conan Doyle, wanda ya ƙirƙiri Sherlock Holmes, ya kai safar hannunta wurin wani mai da'awar gani har hanji.

Bayan kwana 11 aka same ta a wani otal a garin Harrogate, can arewacin Ingila. Ta yi rajista da sunan Neele, wato sunan matar da mijinta ke so. Likitoci suka ce mantuwa ce ta same ta. Jama'a da dama ba su yarda ba. Wasu suka ce talla take yi wa littattafanta, wasu suka ce mijin take son tozartawa, wasu suka koka kan kuɗin da aka kashe wajen nemanta.

Daga wannan lokaci ta ƙaurace wa 'yan jarida. Ko a littafin tarihin rayuwarta ba ta ce uffan kan waɗannan kwanaki ba. Auren ya mutu a 1928, ta riƙe 'yarsu Rosalind, ta kuma ci gaba da rubutu da sunan Christie.

Tsohuwar St Mary Mead

Shekara guda bayan wannan tashin hankali, a Disamban 1927, wata mujalla ta buga gajeren labarinta da ya gabatar da Miss Jane Marple. A 1930 cikakken littafinta na farko ya fito, The Murder at the Vicarage, inda aka harbe wani Kanar da kusan duk ƙauyen ba sa ƙauna, a cikin gidan limamin coci.

Miss Marple tsohuwa ce da ba ta taɓa aure ba. Tana zaune a wani ƙagaggen ƙauye mai suna St Mary Mead, tana saƙa, tana kula da lambunta, tana sa ido kan kowa. 'Yan sanda suna ɗaukarta 'yar tsegumi kawai. Dabararta ɗaya ce: duk wanda ta gani sai ya tuna mata wani da ta sani a ƙauye, da abin da wancan ya taɓa aikatawa. A wurinta halin ɗan Adam ɗaya ne ko'ina. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Agatha ta samo wani ɓangare na halin Miss Marple daga kakarta da ƙawayenta, matan da kullum suke zaton mafi muni daga mutane, kuma sau da yawa zatonsu ya tabbata.

A nan salon ya kammala. Gari ƙarami, kowa ya san kowa. Mai kisan ba baƙo ba ne, yana cikin masu zuwa ta'aziyya. Dalilinsa ba ya wuce gado, kishi ko tsoron tonuwar asiri. A littafin A Murder Is Announced na 1950, a jaridar ƙauye ma aka sa sanarwar ranar kisan da lokacinsa, maƙwabta suka hallara suna zaton wasa ne. Littattafan Miss Marple 12 ta rubuta, na Poirot kuma 33.

Sabon aure a filin tono

A 1928 ta hau jirgin ƙasa na Orient Express zuwa Santambul, daga can ta wuce Bagadaza. A ziyararta ta biyu zuwa kufan tsohon birnin Ur a Iraƙi, a 1930, ta haɗu da Max Mallowan, masanin tono kayan tarihi, wanda ta girme da fiye da shekara 13. Suka yi aure a shekarar, kuma mutuwa ce ta raba su.

Ta shafe shekaru tana binsa wuraren tono a Siriya da Iraƙi, tana ɗaukar hoto, tana goge kayan hauren giwa da aka tono a Nimrud da man shafawarta. Tafiye-tafiyen nan su suka haifar da Murder on the Orient Express a 1934 da Death on the Nile a 1937.

Masu suka da masu so

Ba kowa salon ya burge ba. A 1944 marubuci Ba'amurke Raymond Chandler ya soki irin waɗannan labarai na Ingila da cewa sun yi nesa da yadda ake kisa a zahiri. A 1945 mai sharhi Edmund Wilson ya rubuta maƙala a mujallar The New Yorker yana tambayar wa ma ya damu da wanda ya kashe Roger Ackroyd.

Masu karatu suka ba da amsa da aljihunsu. Al'ummar da ta ga yaƙin duniya biyu ta san mutuwar da ba ta da dalili kuma ba a hukunta kowa a kanta. A littafin Agatha kuwa, mutuwa tana da dalili, mai laifi yana da suna, kuma hankali kaɗai ya isa a kamo shi. Abin da ake saye ke nan.

Wani lokaci ma jama'a sun fi ta son barkwancin. A farkon shekarun 1960 'yar wasa Margaret Rutherford ta fito a matsayin Miss Marple a fina-finai huɗu masu ban dariya. 'Yan kallo suka so su, Agatha ba ta ji daɗinsu ba, amma ta sadaukar da wani littafinta na 1962 ga 'yar wasan.

Akwai kuma sukar da ta fi wannan nauyi. Littafinta da aka fi saye, And Then There Were None, ya fito a Birtaniya a 1939 da wani suna mai ɗauke da kalmar cin mutuncin baƙar fata. A Amurka an canza sunan tun 1940, a Faransa kuwa sai 2020. A wasu littattafanta akwai kalaman raini ga Yahudawa, Larabawa da 'yan Afirka. A 2023 aka samu labarin cewa kamfanin HarperCollins ya cire irin waɗannan kalamai a sabbin bugu. Masu karatu suka sake rabuwa: wasu na ganin an yi daidai, wasu na cewa a bar rubutun yadda yake domin a san yadda zamanin ya kasance.

Littafin da ya ceci rai

A Yaƙin Duniya na Biyu ta koma aikin magani a asibitin University College da ke Landan. A can ta ƙara sanin wata guba mai suna taliyam, wadda ɗaya daga cikin alamunta shi ne zubewar gashi. Ta yi amfani da ita a littafin The Pale Horse na 1961.

Bayan wasu shekaru aka kawo wata jaririya 'yar wata 19 daga Katar zuwa asibitin Hammersmith a Landan, likitoci suka rasa gane ciwonta. Wata ma'aikaciyar jinya da ke karanta littafin ta lura alamun sun yi kama da na labarin. Aka yi gwaji, aka samu taliyam, aka ceto yarinyar.

Ƙarshen tafiya

A 1971 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta ba ta lambar girma ta Dame. A 1975 aka fitar da Curtain, littafin da ta rubuta tun lokacin yaƙi ta ajiye a banki, wanda a cikinsa Poirot ya mutu. Jaridar New York Times ta buga labarin mutuwarsa a shafinta na farko, tamkar mutum na gaske.

Agatha Christie ta mutu ranar 12 ga Janairun 1976 a gidanta da ke kusa da Wallingford, tana da shekara 85. An binne ta a maƙabartar cocin ƙauyen Cholsey.

Wasan kwaikwayonta na dandamali, The Mousetrap, da aka fara nunawa a Landan ranar 25 ga Nuwamban 1952, shi ne mafi daɗewa ana nunawa a tarihi. Annobar korona ce kaɗai ta dakatar da shi a 2020, ya dawo a 2021. A ƙarshen kowane wasa ana roƙon 'yan kallo kada su gaya wa kowa wanda ya yi kisan. Jama'ar da suka taɓa zarginta da yaudara, yau jikokinsu ne ke rufa mata asiri.